Karsanar Dada

Kurfi, 4 ga Yuni

Zuwa ga Dakta Kamilu Audi, likitan dabbobi, Dutsin-Ma.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya iyali, yaya farkon damina? Allah Ya ba mu mai albarka.

Likita, ba ka san ni ba. Sunana Huseina, ina koyarwa a firamare nan Kurfi, 'yar Alhaji Badamasi Mai Hoto ce ni. Wata abokiyar aikina ta ce mini kana bin kasuwanni kana tara tsofaffin kyamarori masu fim, har kana ɗaukar hoto da su. Shi ya sa na ba Mamuda direba wannan akwati ya kawo maka.

Kyamara huɗu ne a ciki, da gilasansu da Baba ya cusa cikin safa. Da su ya ci da mu. Kusan duk gidan da ka shiga a Kurfi za ka ga hoton biki ko na suna da hatiminsa a baya. Bayan ƙaramar salla hawan jini ya kayar da shi, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, maganarsa sai wanda ya saba. Shi ya sa ko waya ba ya karɓa. Tun da muka dawo daga asibiti fuskarsa na bango.

Jiya ya ji ɗan gwangwan yana wucewa, ya nuna mini akwatin, ya ce in miƙa masa. Na ce to, na kai ɗakina na ɓoye. Ba zan iya ganin an ɗora su a sikeli tare da tsofaffin tukwane ba.

Ba sayarwa nake ba. So nake su zauna a hannun wanda ya san darajarsu. Lambar wayata na bayan takardar nan.

Ka huta lafiya.
Huseina Badamasi

*

Dutsin-Ma, 8 ga Yuni

Zuwa ga Baba Alhaji Badamasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa irin ta ɗa ga uba. Yaya ƙarfin jiki? Allah Ya sa kaffara ne, Ya tashi kafaɗunka.

Baba, sunana Kamilu, aikina allurar shanu da awaki, ciwona kuma tsofaffin kyamarori. Matata ta ce da kaji nake tarawa da yanzu mun ƙoshi da ƙwai. Akwatinka yana wurina, bai je sikeli ba. Na nemi izinin Malama Huseina kafin in faɗa maka, don Allah kada ka yi mata faɗa.

Da na buɗe shi sai da na zauna a ƙasa. Pentax biyu, Zenit ɗaya, sai baƙar Yashika mai ido biyu, wadda ake leƙawa ta sama. Na daɗe ina neman irinta, sai dai in gani a waya. Ban ɗauke su a matsayin nawa ba. Ajiya ce, ranar da ka ce a kawo za a kawo.

Ina da tambaya biyu, kuma duk Dutsin-Ma ban san wanda zan yi wa ba. Ta farko, idon Yashikar na ƙasa ya yi wani fari-fari kamar saƙar gizo, ina tsoron taɓawa. Ta biyu, na ga wani hoto liƙe a murfin akwatin, dattijo baƙi da farin rawani tsakar rana, amma har gashin girarsa ana gani. Ni in na ɗauki irin wannan, ko dai rawanin ya ƙone ko fuskar ta zama gawayi. Yaya ka yi?

In rubutu zai wahalar da kai, ko kalma biyu ta ishe ni. Mamuda yana bi ta ƙofar ofishinmu kullum.

Naka,
Kamilu

*

Kurfi, 19 ga Yuni

Likita,

Wa alaikumus salam. Jiki da godiya.

Da hagu nike rubutu, ka yi haƙuri, kamar kaza ta yi tono. Huseina ta ce ta rubuta mini, na ƙi. Ɗiyar da ta iya ɓoye akwati za ta iya ɓoye magana.

Farin nan hunhuna ce. Ka buɗe bayan kyamara ka sa ta ranar hantsi kwana da kwanaki, ba ta tsaka ba. Sannan ka goge da auduga a hankali. In ka sa bakin riga ban yafe ba.

Batun rawani. Kai rawani kake ɗauka ko mutum? Ka auna haske a fuska, rawani ya ji da kanshi. Kuma ba tsakar rana ba ce, idonka ya ruɗe ka. Gindin iccen bedi na tsayar da shi, na sa aka riƙe farin zane daga gefe.

Ajiya ko kyauta, duk ɗaya gare ni. Na gama da wanga aiki. Amma kada ka bar fim cikin mota, zafi na kashe shi.

Badamasi

*

Dutsin-Ma, 14 ga Yuli

Baba Alhaji,

Assalamu alaikum. Barka da salla, ko da na makara. Yaya jiki, yaya gida? Wasiƙunka uku duk sun iso, na kuma bi abin da ka ce. Idon Yashika ya washe tas.

Baba, yau ba tambaya na kawo ba. Wani abu ya faru, gara ka ji daga bakina.

Shekaranjiya mun je rigakafi wata ruga bayan Kutawa. Na rataya Yashikar a wuya, don ina so in ɗauki shanu a sabuwar ciyawa. Muna cikin aiki sai na ji murya daga gindin wata tsamiya: "Kai ɗan nan, zo." Wata tsohuwa ce zaune kan tabarma, sanda a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta. Hannu kawai ta miƙo ta kama maratayin kyamarar, wannan jan na fata mai kitso.

Ta ce, "Ina ka samo karsanata?"

Na ce, "Inna, wace karsana?"

Ta ce, "Wadda ka rataya. Ni na kitsa igiyar nan."

Ɗanta Usaini ne ya yi mini bayani. Ya ce yayarka ce, Hawwa'u, wadda kake kira Dada, ita ta raine ka. Ya ce lokacin da ka gama koyon hoto a Katsina ba ka da abin aiki, ita ta sa aka kai karsanarta kasuwa aka sayo maka wannan kyamara, har mijinta ya yi fushi da ita. Tana jin mu ta ce, "Shanun mutane suna haihuwa, tawa sai ƙyafta ido."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ƙara damƙe igiyar, ta dube ni, ta ce, "Badamasi ba ya rabuwa da wannan yana numfashi. Ka gaya mini gaskiya, ya mutu ne suka ɓoye mini?"

 Na dubi Usaini, ya sunkuyar da kai. Sannan ya raɗa mini cewa an ce mata zazzaɓi ne kawai, bisa umarninka. Ban iya barin ta da wancan zato ba. Na ce kana da rai, har faɗa kake mini a takarda. Ta tambayi abin da ya same ka, na faɗa mata duka, hannun da bakin.

 Usaini ya ce a nemo mota a kai ta Kurfi. Ta ce a'a. Ga saƙonta, yadda ta faɗa: "Ba zan je in gan shi kwance ba, ya zo in gan shi tsaye. Ka ce masa tun yana saurayi yake roƙona in tsaya ya ɗauke ni ina ƙi. To na yarda. Amma shi zai ɗauka, kuma da karsanata."

Na tona abin da ka rufe. Ka yafe mini.

Ɗanka,
Kamilu

*

Kurfi, 17 ga Yuli

Likita,

Salam.

An aike ka allurar shanu, ka je ka yi wa tsohuwa allura a zuciya.

Ba ka san Dada ba. Bayanta na girma. Ita ta koya mini tafiya, ita ta share mini majina. Yanzu tana da shekara tamanin da wani abu, in je gabanta a riƙe ni kamar buhu, tana gani ana share mini yawu? Ta san ni da ƙafafuna. A bar ta da wannan.

Kuma wane hoto? Kyamara hannu biyu take so. Ni ɗaya gare ni, shi ma rawa yake. In ce ma mutum ya tsaya ban iyawa sai Huseina ta fassara.

Ka je ka ɗauke ta kai. Ka iya yanzu.

Ban riƙe ka a zuci ba. Amma kada ka sake rubuto mini wagga magana.

Badamasi

*

Kurfi, 25 ga Yuli

Likita,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ka gaishe mini da Hajiyarka. Na rubuto ne maimakon waya, don kunnen Baba lafiyarsa lau, ɗakina kuma jikin nasa yake.

Ranar da wasiƙarka ta zo bai ci abinci ba. Wallahi na ji haushinka, na ce ga mutum ya fara zama a zaure, an sake mayar mana da shi jikin bango. Washegari ma haka. Gashin ƙashin da ake zuwa yi masa ya ƙi yarda a yi.

To ranar Juma'a da hantsi ina wanke-wanke, sai na ji yana magana shi kaɗai. Na matsa bakin ƙofa. Yana zaune bakin gado, ya jingina madubina da filo, yana kallon bakinsa yana maimaita abu ɗaya: "Kada ki motsa. Kada ki motsa." Kalmar ƙarshe ke ƙwace masa, sai ya tsaya, ya haɗiye yawu, ya sake. Na koma wurin kwanukana, ban san lokacin da hawaye ya zubo ba.

Tun ranar kullum sai ya yi. Jiya ya sa aka kira mai gashi da kansa, ya tsaya da sanda har ya kai bakin rijiya. Da yamma ya tambaye ni, kamar ba da gayya ba, wai ko Likita ya taɓa faɗin irin fim ɗin da yake samu.

Ba zai roƙa ba, ka san shi yanzu. Ni nake roƙo. Ka aiko da baƙar kyamarar, da duk abin da kake ganin zai taimaki mai hannu ɗaya.

Na gode da ka faɗa wa Dada gaskiya. Mu mun kasa.

Huseina

*

Dutsin-Ma, 28 ga Yuli

Baba Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma bin umarni, ba zan ambaci maganar da ka hana ba. Ajiya kawai na maido.

Ga Yashika. Na sa mata fim baƙi da fari, sabo, daga Legas aka aiko mini, ɗauka goma sha biyu. Ga ƙafa uku da za a ɗora ta a kai, ga kuma wayar ɗauka, wadda ake danna wa daga nesa ba tare da an taɓa kyamara ba, don haka rawar hannu ba ta kai mata.

Akwai abin da na lura da shi. Na ɗaure hannuna na dama a baya na gwada ta. Baba, maƙullin saita hoton a ɓarin hagu yake. Duk shekarun nan da hagu kake saitawa, ka manta ne don ka saba. Abin da ke dama hannun juya fim ne kawai, wannan kuwa ko Malama Huseina za ta iya.

Mamuda ya ce duk safiyar da aka buƙace shi motarsa na nan, ya ce hoton auren iyayensa kai ka ɗauka. Usaini kuma yana da amalanke, in hanya ta yi laka. Na faɗa ne kawai.

Ni an tura mu aiki wajen Makera, mako mai zuwa duka ba na gari.

Naka,
Kamilu

*

Kurfi, 6 ga Agusta

Likita,

Assalamu alaikum. Sannu da aiki, da fatan kun dawo lafiya. Mun je! Ga fim ɗin nan na naɗe cikin baƙar leda. Bari in ba ka labari tun yana da zafi.

Da sassafe muka tashi. Baba ya sa farar rigarsa ta aiki, mai aljihu huɗu, ya rungume kyamarar a cinya bai yarda kowa ya riƙe ba. Mota ta tsaya Kutawa, daga nan Usaini ya ɗauke mu a amalanke. Da muka hango bukkoki sai Baba ya ce a tsaya. Ya sauka. Da sanda ya ƙarasa, Usaini na gefensa, amma ya hana shi taɓa shi.

Dada tana gindin tsamiya. Ta sha baƙin saƙi, ta zuba awarwaro, an yi mata kitso sabo. Na zaci za a yi kuka. Ina! Ka san mutanenmu da kunya. Ya durƙusa da ƙyar, ta kau da kai gefe, suka yi ta gaisuwa ba mai kallon wani, har shanu aka tambayi lafiyarsu. Sai can ta saci kallonsa, ta ce, "Wannan ne bakin da ake ta ɓoye mini? Da ma can ba ka iya magana ba, sai da ka shekara uku ka ce Dada."

Baba ya yi dariya. Tun watan azumi ban ji ta ba.

Ɗaukar ba ta zo da sauƙi ba. Ya sa mata biyu suka riƙe farin zane. Ya leƙa, ya saita, gwiwarsa ta bugi ƙafa ukun komai ya goce. Ya sake. Sau ɗaya ya danna kafin ya shirya, sau ɗaya akuya ta ratsa. Gumi ya jiƙa rigar. Hadari kuma ya taso daga gabas, haske na ta canzawa, yana ta canza awo. Ni ina juya fim, ina ganin lambar tana hawa, fim na ƙarewa. Na ce, "Baba, ko mu huta?" Ko kallona bai yi ba.

Dada kuwa ta ƙame kamar an dasa ta, fuska a ɗaure. Sai ya ɗago daga kyamarar, ya dube ta ido cikin ido, ya ce, "Dada, kada ki motsa." Tas ta fito, Likita, kowa ya ji.

Ta ce, "Yau kuma ni kake ba umarni?" Fuskarta ta saki. Ya danna.

Ya ƙara ɗaya ko biyu ruwa ya sauko, muka kwashi kaya muka shige bukka. A can suka zauna su biyu, tana dama masa fura tana ba shi da ludayi. Da ta zuba a haɓarsa ta sa gefen zanenta ta share, bai hana ta ba.

Ya ce in gaya maka kai za ka wanke fim ɗin, kada ka aika ko'ina. Na ce masa naka kaɗai ka taɓa wankewa. Ya ce ya sani.

Allah Ya saka da alheri.
Huseina

*

Dutsin-Ma, 12 ga Agusta

Baba Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, sannu da hanya.

Baba, na sha juya ɗan maraƙi a cikin uwarsa hannuna bai yi rawa ba, amma fim ɗinka sai da ya kwana biyu a kan tebur ina zagaya shi. Ba wani na biyu, in na ɓata shi ke nan.

Bayan sallar asuba na yi, kafin gari ya yi zafi. Na toshe tagar banɗaki da bargo. Ruwanmu ya yi ɗumi, na sayo ƙanƙara na sanyaya shi daidai yadda ka koya mini. A cikin duhu fim ɗin ya ƙi hawa abin naɗi, yatsuna suka jiƙe da gumi, na tsaya na yi salati na sake. Matata tana bakin ƙofa tana duba mini agogo.

Ga gaskiyar abin da ya fito. Na farkon duk sun girgiza. Ɗaya sama ce da ganyen tsamiya. Ɗaya akuya ce, ta kuwa fito da kyau. Na fara karaya. Sai na ɗaga na goma a haske, na kira matata ta zo ta gani. Kowane layi na fuskar ya fito, da tsagar kumatu, da hadarin nan a bayanta, bakinta kuma ya fara buɗewa da magana. Ban taɓa riƙe hoto irinsa ba.

Na fitar da manya guda biyu, naka da nata, suna tsakanin kwalaye. Na gode da ka amince mini da shi.

Ɗanka,
Kamilu

*

Kurfi, 21 ga Agusta

Kamilu ɗana,

Salam. Wankinka ya yi. Ba abin gyara.

Jiya ni da kaina na kai ma Dada nata. Ta karɓa, ta nisanta shi, ta kusanto. Ita ba mai duba madubi ba ce. Ta ƙura masa ido. Sannan ta ce, "Badamasi, ina ka samo hoton Inna?"

Na ce, "Ke ce, Dada."

Ta ce, "Na ji. Amma Inna ce. Ga goshin, ga idon. Haka take yi da baki in za ta yi faɗa ba da gaske ba."

Ban gaya maka ba. Innarmu ta rasu ina nono. Ba a yi hoto a rugage ba wancan zamani. Na sha tambayar Dada kamanninta, sai ta ce kyakkyawa ce, ta tashi ta bar wurin. Na ɗauki fuskar mutanen ƙasar nan kaf, ta wadda ta haife ni ban taɓa gani ba.

Na sa Huseina ta rataya nawa inda nike salla, daga gefe. Shekara saba'in da ɗaya ina yi ma Inna addu'a ban san wa nike tunawa ba. Yau da asuba na sani.

Allah Ya yi maka albarka, kai da iyalinka. Ka zo Juma'a mu ci tuwo.

Babanka,
Badamasi